Abin da Na Karanta wa Auta

Litinin, da yamma

Albam ɗin waƙoƙin Auta ya fita yau. Ita kuwa tana kwance a falo da tawul a wuya, ko "uhm" ba ta da ikon cewa. Ƙanwata ke nan, wadda Mama ke cewa ko barci take bakinta bai san hutu ba. Likita ya hana ta magana, ya hana ta raɗa, waƙa kuwa ba a ma zancenta. Na ɗauko mata ƙaramin allo da alli daga makarantar da nake koyarwa. Abin da ta fara rubutawa shi ne, "Me suke cewa?"

Wayarta tana hannuna. Ita ta ba ni da kanta, don ta san halinta. In ta ga an taɓa ta, sai ta danna ta aika murya tana ramawa har jijiyar wuyanta ta tashi. Muka yi da ita kullum in na dawo aiki zan zauna in karanta mata abin da masu sauraro suka rubuta.

Likita ya sa ranar aikin tiyata, Alhamis ɗin ƙarshen wata. Ya ce abin da ya gani a maƙogwaronta ba ya jiran kowa. Ya kuma ce ba zai yi mata ƙarya ba, in an yi aikin muryar ba za ta dawo yadda take ba. Auta ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta rubuta, "Bari in ji mutane tukuna." Mutane wai. Kamar su ne za su kwanta a gadon.

Talata, lokacin tara

Na buɗe wayar a ɗakin malamai, shayina har ya huce ban sha ba.

Suna son shi. Ba ƙaramin so ba. Na zata kiɗan za su yaba, jitar nan mai ƙugi da gangunan da suka hana mu sakat shekara guda. Ina. Muryar suke yabo. Wata ta rubuta, "Wannan dushewar ita ce ta kashe ni." Wani ya ce a da muryarta sumul take kamar ta kowa, yanzu ne ta sami tata. Wani kuma, da alama gwani ne a ganinsa, ya yi dogon bayani a kan waƙa ta huɗu, waƙar gada, inda kiɗa ke ɗaukewa ɗif muryar ta haura ita kaɗai ta tsage. Ya ce da gangan ta yi, kuma sai gwanaye ke iya haka.

Ina wurin ranar da aka ɗauki wannan waƙar. Ni na riƙe mata ruwan ɗumi. Ba da gangan ba ne.

Talata, da yamma

Na karanta mata guda shida ko bakwai. Wanda ya ce jita ta yi yawa, kai na ciwo. Wadda ta ce ta koma irin waƙoƙinta na da masu sanyi, wannan hayaniya ba tata ba ce. Wanda ya ce a ba ta maganin mura. Wannan na maimaita shi sau biyu, na ce ban ga layin da kyau ba.

Ta daɗe tana kallon silin. Ta rubuta, "Shi ke nan?"

Na ce, "Akwai masu cewa ba laifi."

Ta goge allon da gefen hannunta, ta juya ta ba ni baya.

Laraba, da safe

Ban yi mata ƙarya ba. Duk abin da na karanta akwai shi a rubuce.

Alhamis, da yamma

Mama ta gane. Tsohuwar nan ba ta iya buɗe waya ba, amma fuska ta iya karantawa. Ta same ni a kicin ina wanke kofuna, ta ja ƙofa.

Ta ce, "Ke, abin ya karɓu ko?"

Na ce ya karɓu.

"Shi ne kike zuba mata guba kullum?"

Na ce, "Mama, in ta ji abin da suke so, ba za ta yarda a taɓa wuyan nan ba. Kin san 'yarki."

Ta shiga murza bakin zanenta. Can ta ce, "Ni dai ban ji ba, ban gani ba." Da na fito falo na tarar rediyon da ke kan firji ba ya nan. Auta ta nuna wurin da yatsa, Mama ta ce ai ya lalace, an kai gyara. Yana cikin durowar Mama ƙarƙashin zannuwan gado, na ga jelar wayarsa.

Asabar, da hantsi

Dogo ya zo, mai kaɗa mata jita. Allah ya so ni ina shanya a baranda na hango shi, na tare shi a matakala kafin ya ƙwanƙwasa. Bakinsa har kunne. Wai a motar da ya shigo waƙar gada ake yi, direba na bi. Wai manajanta ya rasa inda zai sa kansa saboda masu neman a zo a yi musu wasa.

Na ce, "To, ka haɗiye. In ka shiga ka gaishe ta, ka yi mata ya jiki, ka fito."

Ya ce, "Haba Yaya, shekara nawa tana jiran wannan ranar?"

Na ce, "Ni kuma shekara nawa nake so ta ƙara yi a duniya?"

Ya ce ba daidai ba ne. Ya ce wuyanta ne, muryarta ce, ita ya kamata ta zaɓa da idonta a buɗe. Na ce masa daɗin baki ba wuya ga wanda ba shi ya ga hoton da likita ya nuna mana ba. Na ce in ya kuskura, to ya nemi wata matakalar da zai riƙa hawa.

Ya shiga ya zauna a bakin kujera, gwiwoyinsa har haɓa, yana ta yaba labule. Auta ta rubuta masa, "Ka ji an ce jitarka na sa ciwon kai?" Ya kalle ni, ya ce ya ji. Da zai tafi bai yi min sallama ba.

Lahadi, bayan abincin rana

Ta kasa haɗiye burodi. Ta jiƙa shi a shayi, ta ɗauka ban lura ba.

Har yanzu ba ta ce e a yi aikin ba.

Litinin, bayan an tashi daga makaranta

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba a aji. Ina rubuta lissafi a allo na ji wasu 'yan mata a layin baya suna rera waƙar gada ƙasa-ƙasa. Ba rerawar ce ta dame ni ba. Ɗaya daga cikinsu ce ke matse maƙogwaro tana ƙaƙaro dushewar, sauran na cewa ta kusa, ta ƙara matsewa. Ban san lokacin da na jefar da allin ba. Na fitar da ita waje, na faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa 'yar mutane a kan waƙa. Yarinyar ko magana ba ta taɓa mayar min ba tunda nake da ita.

Shugabar makaranta ta kira ni ofis. Ta ce, "Malama, lafiya kuwa a gida?" Na ce lafiya lau. Ta ce ai ita ma 'ya'yanta sun ishe ta da albam ɗin, in gaishe mata da ƙanwata, in ce mata kar ta kuskura ta canza wannan muryar. Na ce za ta ji.

Talata, da yamma

Zagin ya fara ƙarewa. Abin dariya, wai yaro ya tsinci haƙori. Ina zaune a tashar mota ina tura sharhi da babban yatsa, ina neman wanda ya tsani ƙanwata kamar mai neman allura a yashi. Duk wanda na ga ya fara da yabo ba na ma ƙarasawa, sai in wuce. Har mai maganin murar nan ya dawo ya rubuta wai ya sake saurare, ya janye maganarsa. Munafuki. Da shi na dogara.

Na haɗa mata da tsofaffin, na sauya musu tsari. Ta saurara tana wasa da allin. Ta rame. Wuyan rigarta ya yi mata yawa.

Ta rubuta, "Ko mutum ɗaya?"

Na ce, "Ke dai ki warke, ki yi musu wani."

Laraba, da safe

Asibiti sun kira. Suna son amsa nan da Litinin, in ba haka ba za su ba wani ranar. Na ce za su ji daga gare mu.

Laraba, da yamma

Ta rubuta, "Wataƙila gara a yi." Sai ta goge "gara". Sai ta goge duka.

Saura ƙiris. Na sani saura ƙiris.

Alhamis, da magariba

Ramin ƙarya ƙurarre ne, an faɗa, ni ce ban ji ba.

Ban sami ko ɗaya ba yau, sai na ƙirƙira. Na riƙe wayar a gabana kamar mai karatu, na ce wani ya rubuta wai ta daina wahalar da mutane, muryarta ta koma kamar ƙofar banɗaki mai tsatsa wadda sai an ɗaga ta take rufuwa.

Ina rufe baki na san na kwafsa. Auta ta ɗago kai a hankali ta kalli ƙofar banɗakinmu. Tun Baba na da rai ƙofar nan sai an ɗaga ta take rufuwa, kuma ba wanda ke mita a kanta a gidan nan sai ni. Ta dawo da idonta kaina. Ba ta ɗauki alli ba, hannu kawai ta miƙo.

Na ce caji ya kusa ƙarewa. Hannun bai sauka ba. Mama ta tashi ta ce bari ta duba tukunya, alhali ba abin da ke kan wuta.

Na ba ta.

Ta shiga ɗaki ta sa sakata. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, kuma ko yanzu aka ce in sake zan sake. Duka biyun gaskiya ne.

Juma'a, da safe

Ba ta fito ba. Na ajiye shayi a bakin ƙofa, na dawo na tarar da shi ya yi fata.

Juma'a, da yamma

Tun daga matakala na ji jitar albam ɗin na tashi a wayarta. Na tsaya da jaka a kafaɗa. Sai na ji muryar, ba ta albam ɗin ba, ita ce ke rerawa da bakinta.

Na buga ƙofar da tafin hannu har ya yi zafi. Na kira ta da sunan da ba na kiranta da shi sai raina ya ɓaci. Na ce ta rufa mana asiri. Ta ƙara ɗaga murya. Ta kai wurin da ake haurawar nan, sai tari ya sarƙe ta. Ya daɗe. Ni da Mama muna tsaye a bakin ƙofa ba mai kallon wani.

Da ta buɗe ta wuce mu ta shiga banɗaki da hankici dunƙule a hannu. Ta wanke shi da kanta, ta shanya a cikin ɗakinta, ba a baranda ba.

Asabar, da hantsi

Allon yana kan tebur na tashi na gani. "Kin sa na kwana goma ina ganin na kunyata kaina. Kin zauna kina kallon fuskata."

Ban goge ba. Ita ma ba ta goge ba. Haka muka yi ta kewaye shi duk yini.

Mama ta fito da rediyon ta mayar kan firji. Ta ce an gyara.

Asabar, da la'asar

Dogo ya zo da manaja. Suka zauna a falo, ni ina kicin ina yanka albasar da ba wanda ya sa ni. Manaja na ta zuba, wai ƙarfe tun da zafi ake dukansa, wasa uku kawai, bayan nan sai a yi aikin a tsanake. Ina jin ƙarar alli, ban san me take rubutawa ba.

Sai na ji Dogo ya ce, "Ni ba zan kaɗa ba." Manaja ya ce me ya ce? Ya ce, "Ba zan tsaya a bayanta ina kaɗawa tana wannan tarin ba. Ku nemi wani."

Da zai fita ya leƙo kicin. Na zata zai ce ai ya faɗa min. Ya ce, "Yaya, albasar ta isa haka." Yaron kirki ne, na yi masa rashin adalci.

Lahadi, da safe

Gobe Litinin. Ba ta kalle ni ba tun Alhamis.

In ta ƙi, ni na ja. Da na bar ta ta ji yabon tun farko, da wataƙila ta ƙoshi da shi ta haƙura. Yanzu ta same shi a dunƙule, ga haushina a kai. Na san Auta, za ta iya ƙin aikin nan don kawai ni ce ke so.

Lahadi, da yamma

Ina gugar kayan makaranta ta shigo ɗakina. Ta zauna a bakin gado, ta miƙo min wayar, ta nuna wani sharhi da farce. Na gane shi. Na gan shi tun ranar Talatar farko, na wuce, saboda ya fara da "Ban taɓa jin murya mai shiga rai irin wannan ba."

Ta buga gefen wayar, wato in karanta da ƙarfi. Na karanta.

Wata mata ce. Ta ce ta saurari albam ɗin sau ɗaya, ba za ta iya sakewa ba. Ta ce mijinta mai sayar da kaya ne a bakin titi, da murya yake kiran masu saye, kuma haka tasa ta fara. Masu saye har cewa suke ta fi daɗi. Ya yi ta ɗaga zuwa asibiti, yau ciniki, gobe ciniki. Ta ce, "Ban san ki ba, 'yata, kuma Allah ya sa ni ce ban ji daidai ba. Amma in akwai mai son ki a kusa da ke, ya kama hannunki ya kai ki a duba. Waƙa tara kika ba mu, sun ishe mu. Ni da zan samu, ko bebe ne a dawo min da shi."

Ban iya kai ƙarshe da murya ɗaya ba. Ga abin da nake ta nema, yana nan tun farko, na tsallake shi da yatsana saboda ya fara da alheri.

Auta ta jawo allon. Ta rubuta, "Ba don ke ba." Ta ja layi a ƙarƙashi har allin ya karye. Da guntun ta ƙara, "Kira su."

Rigata ta ƙone a ƙarƙashin dutsen guga. Ban damu ba.

Litinin, da safe

Na kira. Alhamis tana nan.

Talata, da yamma

Ita ke karanta abinta yanzu. Wani lokaci ta yi murmushi, wani lokaci ta kife wayar a cinya ta daɗe. Ta amsa wa matar nan a rubuce, ban tambayi me ta ce ba. Har yanzu in za ta nemi wani abu Mama take nuna wa, ko da ni ce kusa.

Na je gidan su yarinyar da na kora daga aji na ba ta haƙuri a gaban uwarta. Uwar ta ce ba komai, ai malami uba ne. Yarinyar ba ta ɗago ba.

Laraba, da yamma

Mun haɗa jaka. Ta sa allon a ciki, ta cire, ta sake sawa.

Alhamis, da sassafe, a asibiti

Sun sa mata rigar nan mai ɗaurin baya, sun rufe gashinta. Mama ta kasa shigowa, tana waje a benci da Dogo. Ni kaɗai ce a gefen gadon, ina gyara bargon da ba abin da ya same shi. Ma'aikaciyar jinya ta ce yanzu za a zo a tura ta.

Sai Auta ta kama hannuna ta yi magana. Da baki.

Ta ce, "Yaya."

Na ce ta yi shiru, likita ya hana.

Ta ce, "Me ya rage da zan adana?" Muryar ce, ita ɗin dai, a dushe, tana kartar kowace kalma. Ta ce, "Na ji na kowa. Ke fa? Ba ki taɓa faɗa min naki ba."

Na so in ce ban saurara ba, amma na gaji da yi mata ƙarya. Na ce na saurara, tun kafin ya fita, a hanyar makaranta, kullum. Na ce ba ta taɓa yin abin da ya kai shi ba, kuma ba na jin akwai wanda ya yi. Na ce waƙar gada in ta zo sai na nemi wuri na zauna. Na ce, "Ya fi duk yadda suka faɗa, Auta. Shi ya sa na ji tsoro."

Ta rufe ido. Ta ce, "To. Ai da kin faɗa."

Shi ne abu na ƙarshe da ta ce. Suka zo suka tura gadon.

Alhamis, da la'asar

Likita ya fito. Ya ce sun cire duka, ya ce mun zo a kan gaɓa. Ya ce sai da suka cire fiye da yadda suka so. Na tambaye shi magana fa? Ya ce za ta yi, a hankali, da koyo. Ban yi masa ɗaya tambayar ba, shi ma bai jira ta ba.

Mama ta shiga ta gan ta, ta fito, Dogo ya raka ta gida. Wayar Auta tana cikin jakata tana ta motsi, mutane na ci gaba da rubutu. Na kashe ta.

Ba ta farfaɗo ba tukuna. Wuyan a naɗe yake da bandeji. Na ja kujera har jikin gadon, na kai kunnena kusa. Tana numfashi, yana shiga yana fita, ba kaushi ko kaɗan. Shi nake saurare.